Rumun Ndur: Haifaffen Zariya da ya tsare baya a wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara

Wannan karon daga Arikya nake rubuto muku, cikin ƙaramar hukumar Lafiya ta jihar Nasarawa, inda na zo ganin gida bayan an kwana biyu ban leƙo ba. Na taho da ɗan wana, yaro ɗan shekara 14 da aka haifa a Sabo ta Ibadan, wanda a can ake ce masa ɗan Hausa, a nan gida kuma yara na tsokanarsa da ɗan Yarabawa saboda yadda harshensa ke karyewa.

Wani dare muna zaune a teburin mai shayi sai yaron ya miƙo mini waya. "Baffa, kalli waɗannan," in ji shi. Wasu ƙarti ne sanye da hular kwano, suna zamiya a kan ƙanƙara da sanduna a hannu, can sai biyu suka yar da sanda suka kama dambe. Wani dattijo da ke gefenmu ya leƙa ya ce, "Wannan ai na Turawa ne. Mu da ba ma ganin ƙanƙara sai a kular mai sayar da ruwan leda, ina mu ina wannan?" Na ce, "Baba, Allah ya ja da ranka, akwai haifaffen Zariya da ya buga wasan nan a babbar gasarsa ta duniya." Aka fashe da dariya, har mai shayi ya ce in dai gaskiya ne to ya yafe mini kuɗin shayina.

To ga bayanin nan na haɗa, domin su da kuma ku. Na san a cikinku akwai masu 'ya'ya irin ɗan wan nawa, waɗanda aka haifa a wani wuri, asalinsu kuma na wani wuri.

A taƙaice

Suna: Rumun Ndur
Haihuwa: 7 ga Yuli, 1975, a Zariya
Inda ya tashi: lardin Ontario, ƙasar Kanada
Gurbinsa a fili: mai tsaron baya
Zaɓen matasa: na 69 a shekarar 1994, ƙungiyar Buffalo Sabres
Ƙungiyoyinsa a gasar NHL: Buffalo Sabres, New York Rangers, Atlanta Thrashers
Wasanninsa a NHL: 69, ya ci ƙwallo 2, ya bayar an ci 3, mintin horo 137
Abin da ake tunawa da shi: shi ne haifaffen Najeriya na farko da ya buga a gasar NHL

Wane irin wasa ne wannan?

Duk wanda ya taɓa buga ƙwallon goruba da lanƙwasasshiyar sanda yana yaro, to ya riga ya gane rabin wasan. Bambancin shi ne filin nasu daskararren ruwa ne, an kewaye shi da katanga ta katako da gilashi. A Amurka da Kanada tsawonsa ƙafa 200 ne, faɗinsa ƙafa 85. 'Yan wasa na sa takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasa kamar bakin wuƙa, da shi suke zamiya. Ƙwallon kuma ba mulmulalle ba ne, wani baƙin faifan roba ne mai tauri, faɗinsa inci 3, kaurinsa inci 1, nauyinsa wajen giram 170. Har a firiza ake ajiye shi kafin wasa don kada ya riƙa tsalle.

Kowane ɓangare mutum shida ne a fili: mai tsaron raga, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku. Ana yin zagaye uku, kowanne minti 20. Saboda tsananin gudu, ɗan wasa ba ya wuce kamar minti ɗaya a ciki sai ya fito wani ya shiga, kuma ba a tsayar da wasa don canjin. Wanda ya yi laifi ba kati ake ɗaga masa ba, wani ɗan keji ake kai shi ya zauna minti biyu, ƙungiyarsa ta ci gaba da ragin mutum ɗaya. Wanda ya yi dambe minti biyar ne. Waɗannan mintuna ana tara wa kowa nasa a lissafi, kamar yadda ake tara masa ƙwallayen da ya ci. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Babbar gasar duniya ita ce NHL, wadda aka kafa a birnin Montreal a 1917. Yanzu tana da ƙungiyoyi 32 a Amurka da Kanada, kuma abin da ake fafatawa a kai shi ne Kofin Stanley, wanda aka fara bayarwa tun 1893. Baƙar fata na farko da ya buga a cikinta shi ne Willie O'Ree, ranar 18 ga Janairu, 1958, da ƙungiyar Boston Bruins.

Aikin ɗan baya

Ɗan baya a wasan nan yakan yi rabin aikinsa yana zamiya da baya da baya, fuskarsa na kallon mai kawo hari. Shi ke tare ɗan gaba da ƙirji ya manna shi da katanga. Shi ke share gaban raga don mai tsaron gida ya ga ƙwallo. Idan an ɗirko faifan nan da ƙarfi, shi ke kwantawa ya tare da jikinsa, alhali gudun faifan kan kai kilomita 150 a awa. Idan kuma ƙungiyarsa ce ke kai hari, sai ya tsaya a kan wani shuɗin layi ya hana ƙwallo fitowa.

'Yan baya iri biyu ne. Akwai mai gwaninta, wanda ke ɗauko ƙwallo daga gida ya shirya hari. Akwai kuma mai ƙarfi, wanda ake ajiyewa don ya tsorata abokan hamayya, ya kuma rama wa gwanayen ƙungiyarsa idan an taɓa su. A shekarun 1990 kusan kowace ƙungiya na da irin wannan na biyun. Ndur, mai tsawon ƙafa 6 da inci 2 da faɗin ƙirji, a wannan layin aka sa shi.

Daga Zariya zuwa Guelph

A Zariya aka haife shi, garin Jami'ar Ahmadu Bello, inda sanyin hunturu kan fasa leɓe amma ruwa bai taɓa daskarewa a tafki ba. Yana ƙarami iyalinsu suka koma Kanada, ya tashi a lardin Ontario. A can yaro kan koyi zamiya a kan ƙanƙara kusan lokacin da ya koyi tafiya, kamar yadda namu ke tasowa da tamola a lungu. Abin da ya tarar yaran unguwa na yi, shi ma shi ya kama.

A 1992 ya shiga Guelph Storm, ƙungiyar matasa a gasar lardin Ontario da ake kira OHL, ɗaya daga cikin manyan gasannin da NHL ke ɗibar 'yan wasa daga cikinsu. Ya yi kaka uku a can. A kakarsa ta ƙarshe, 1994 zuwa 1995, ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe na gasar, sai dai Detroit Junior Red Wings ta doke ta.

A nan sai na ɗan yi bayanin yadda suke ɗaukar 'yan wasa, domin ba irin na ƙwallon ƙafa ba ne da mai kuɗi ke sayen wanda ya ga dama. Duk shekara ƙungiyoyi kan taru su yi rabon matasa 'yan shekara 18 zuwa sama, kowa na zaɓa bi da bi, waɗanda suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ke fara zaɓa. Wanda ƙungiya ta zaɓa, ita ke da haƙƙin ba shi kwantiragi. A watan Yunin 1994 aka yi zaman a birnin Hartford, aka zaɓi yara 286. Buffalo Sabres ta kira sunan Ndur a zagaye na uku, shi ne na 69, saura 'yan kwanaki ya cika shekara 19.

Rochester da kofin farko

Zaɓe ba shi ne shiga ba. Kowace babbar ƙungiya na da ƙaramar ƙungiya a gasa ta biyu mai suna AHL, inda take ajiye 'yan wasanta su goge. Ta Buffalo ita ce Rochester Americans, kuma tsakanin garuruwan biyu bai fi tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna a mota ba. Can aka tura Ndur a 1995.

Ya kuwa shiga da ƙafar dama. A kakarsa ta farko, ƙarƙashin koci John Tortorella, Rochester ta ɗauki Kofin Calder na 1996 bayan ta doke Portland Pirates a karo bakwai. Tortorella ɗin nan shi ne daga baya ya ci Kofin Stanley da Tampa Bay a 2004. Ke nan yaron Zariya ya ɗaga kofi a shekararsa ta farko ta cin abinci da wasa.

Amma hawa sama ya zo da wuya. A kakar 1996 zuwa 1997 Buffalo ta kira shi ya buga wasa biyu, wanda da su ne ya kafa tarihin zama haifaffen Najeriya na farko a NHL. Kaka ta gaba wasa ɗaya tak. Sauran lokacin duk yana Rochester, yana jiran wani ya ji rauni a sama a kira shi. Duk wanda ya taɓa zaman jiran aikin wucin gadi a bakin tashar jirgin ruwa ta Apapa ya san ɗanɗanon wannan jira.

Buffalo, New York, Atlanta

A kakar 1998 zuwa 1999 ya buga wa Buffalo wasa takwas. Daga nan sai ƙungiyar ta sa sunansa a jerin waɗanda ta sake. Dokarsu ita ce, idan ɗan wasa ya kai wasu shekaru a kwantiragi, ba a mayar da shi ƙaramar ƙungiya sai an fara tallata shi ga sauran ƙungiyoyi, duk mai so ya ɗauka da kwantiraginsa. Ba a tambayar ra'ayin ɗan wasa. Waya kawai za a yi masa a ce ya haɗa kaya.

A watan Disambar 1998 New York Rangers ta ɗauke shi. Nan ya fi samun wasa a rayuwarsa ta NHL: wasa 31, ƙwallo ɗaya, ya bayar an ci uku. Wannan kakar kuma ita ce ta ƙarshe ga Wayne Gretzky, mutumin da mafi yawan masana ke cewa ba a taɓa yin kamarsa a wasan ba, wanda ya yi ritaya ranar 18 ga Afrilu, 1999 yana Rangers. Wato haifaffen Zariya ya sa riga iri ɗaya da Pelen wasan ƙanƙara, sun zauna ɗakin canja kaya ɗaya. Sai dai duniya mai yayi: Buffalo ɗin da ta sake shi ita ce ta kai wasan ƙarshe na Kofin Stanley a waccan shekarar, ko da yake Dallas Stars ta doke ta.

Shekara na zagayowa, a Disambar 1999, aka sake maimaita abin. Rangers ta sake shi, Atlanta Thrashers ta ɗauka. Sabuwar ƙungiya ce fil, a kakarta ta farko, kuma ta sha wuya, domin wasa 14 kacal ta ci a cikin 82. Ndur ya buga mata wasa 27, ya ci ƙwallo ɗaya. Daga wannan kakar bai sake taka filin NHL ba. Yana da shekara 24.

In ka haɗa: 2 da 1 da 8 da 31 da 27, wasa 69 ke nan, daidai da lambar da aka zaɓe shi. Mintin horonsa 137, wato kusan minti biyu a kowane wasa, maki kuma biyar. Waɗannan alƙaluma sun isa su gaya maka aikin da aka ɗauke shi ya yi.

Bayan NHL

Bai ajiye sanda ba. Ya ci gaba da yawon neman abinci a ƙananan gasanni na Amurka, ya kuma tsallaka Turai, ya buga a Ostiriya, daga baya a Ingila da ƙungiyoyin Coventry Blaze da Nottingham Panthers.

Zangon da ya fi yin suna a wannan yawo shi ne Danbury Trashers ta jihar Connecticut, a kakar 2004 zuwa 2005, shekarar da rikicin albashi tsakanin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa ya sa aka soke kakar NHL ɗungurungum. Mai ƙungiyar, James Galante, ɗan kasuwar kwashe shara ne, ya ɗora ɗansa mai shekara 17 a kan shugabancinta, suka tara 'yan wasa masu zafin hannu. Ƙungiyar ta rushe a 2006 bayan hukuma ta gurfanar da Galante. A 2021 Netflix ta fitar da fim na tarihi a kanta, kuma ta nan ne matasa da yawa suka fara jin sunan Ndur.

Kwatanci da ɗan bayan Suwidin

In ana zancen 'yan baya a wasan nan, dole a ambaci ƙasar Suwidin, don ita ce matattararsu. Börje Salming ya je Toronto a 1973, lokacin da 'yan Kanada ke yi wa Turawan Turai kallon ragwaye, ya nuna musu ba haka ba ne. Nicklas Lidström kuwa shi ma a zagaye na uku aka zaɓe shi, na 53 a 1989, amma ya yi kaka 20 a Detroit, ya ci Kofin Stanley sau huɗu, aka ba shi kyautar gwarzon ɗan baya sau bakwai.

Wanda ya fi kusa da labarinmu shi ne Johnny Oduya. An haife shi a Stockholm a 1981, mahaifinsa ɗan ƙabilar Luo ne daga Kenya, mahaifiyarsa 'yar Suwidin. A 2001 Washington ta zaɓe shi can ƙasa, na 221, ba ta ma taɓa sa shi a wasa ba. Ya zauna gida ya goge da ƙungiyoyin Djurgården da Frölunda, bai shiga NHL ba sai 2006 da New Jersey Devils, yana shekara 25, wato shekarun da Ndur ya riga ya fita. A 2010 aka sayar da shi ga Atlanta, ƙungiyar da Ndur ya bari shekara goma baya. Daga baya ya koma Chicago Blackhawks ya ci Kofin Stanley a 2013 da 2015, ya kuma samo wa Suwidin lambar azurfa a gasar Olamfik ta Sochi a 2014. Wasa 850 ya buga a NHL.

Na 69 ya yi wasa 69, na 221 ya yi 850. Ba zan ce dalili ɗaya ne ba, amma ga abin da ni na gani. Oduya ya gina sana'arsa a kan saurin ƙafa da iya fitar da ƙwallo. Bayan kakar da aka soke, NHL ta tsaurara dokoki a kan riƙo da maƙale ɗan wasa da sanda, wasan ya ƙara gudu, kasuwar irinsa ta buɗe. Gurbin mai ƙarfi kuwa kullum akwai wani sabon ƙato mai arha da ke jiran ya karɓa, ga rauni, ga shi yanzu ƙungiyoyi sun kusa daina ajiye irinsu.

Sauran masu jinin Najeriya

Ku mazauna ƙasar Yarabawa za ku gane wannan suna: Iginla, wato babbar bishiya. Jarome Iginla a Edmonton aka haife shi a 1977, mahaifinsa Bayarabe ne daga Najeriya. Ɗan gaba ne, ya daɗe yana kyaftin ɗin Calgary Flames, ya ci ƙwallo 625 a NHL, ya samo wa Kanada zinare a Olamfik na 2002 da 2010, kuma a 2020 aka zaɓe shi cikin zauren gwarazan wasan.

Sai Akim Aliu, haifaffen Okene ta jihar Kogi a 1989, uwarsa 'yar Yukren. Ya yi ƙuruciyarsa a birnin Kyiv kafin su koma Toronto. Wasa bakwai ya buga wa Calgary. A Nuwambar 2019 ya fito fili ya ce wani kocinsa na dā, Bill Peters, ya yi masa kalaman wariyar launin fata a ƙaramar gasa, kuma cikin 'yan kwanaki kocin ya ajiye aikinsa a Calgary. A 2020 Aliu na cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar 'yan wasa mai yaƙi da wariya a wasan.

Abin da ya shafe mu

Abu biyu na ɗauka daga wannan tarihi.

Na farko, maganar sana'a. A Agege, Mile 12, Shagamu, Anacha da Fatakwal muna da yara masu ƙafa, kuma kullum akwai mai zuwa ya ce wa uba a cire yaro daga makaranta zai kai shi waje. Ga mutumin da ya tashi a ƙasar da ta fi kowa tsari a wasansa, aka zaɓe shi cikin 69 na farko a shekararsa, amma yana shekara 24 an gama da shi a sama. Kar a hana yaro wasa, amma kar a saki littafi. In kuma zai yi, a tura shi ya koyi gwaninta, kada ya yarda a mayar da shi mai yi wa wasu faɗa, a fili ne ko a unguwa.

Na biyu, maganar ɗan ina ne. Kanada ce ta raini Ndur, ta koya masa wasa, tana lissafa shi cikin nata. Duk da haka, duk littafin tarihin wasan da ka buɗe za ka ga an rubuta Zariya a gaban sunansa. Bai rasa ko ɗaya ba. Yaranmu kuwa sau da yawa biyun suke rasawa: a garin haihuwa a ce musu baƙi ranar neman takardar ɗan asalin jiha, a garin kakanni a ce harshensu ya karye. Na farkon ba a hannunmu kaɗai yake ba. Na biyun kuwa namu ne, mu za mu daina.

Jiya na koma teburin mai shayi na karanta musu wannan daga farko har ƙarshe. Dattijon nan ya yi shiru, can ya ce, "To, Allah mai iko. Zage-zagi ba su bar komai ba." Ɗan wana kuma tambaya ɗaya ya yi: "Baffa, ni in na yi suna, Ibadan za a rubuta ko Arikya?" Na ce masa ya fara cin jarrabawarsa tukuna, sannan a rubuta duka biyun. Mai shayi dai ya cika alkawari, har da ƙarin ƙwai.